Muryar Herminia a Silimar Don Nabor

Mutanen birnin Meziko sun ce fim ɗin bai yi ba. Jaridu suka yi masa kaca-kaca: wai soyayyar ta tsufa, barkwancin ba gishiri, jarumin kuma in ya buɗe baki sai ka ce akuya ce ta maƙale a shinge. Ni karatuna bai yi nisa ba, matar mai kemis ce ta karanta mini, har da ƙarin nata.

Mu ina ruwanmu. A garinmu aka ɗauke shi bara, kuma Herminia, 'yar garinmu, tana ciki. Ba fuskarta ba, muryarta. Masu fim sun ji ta tana waƙa wurin wanki a bakin rafi, suka naɗi muryar, suka saka a bakin wata siririyar yarinya da ko albasa ba ta iya yankawa. Kafin fim ya fito, ciwon ciki ya ɗauke Herminia.

Mijinta, Don Cástulo, idonsa ya daɗe da mutuwa. Hotonta da ke bango ba ya yi masa amfanin komai. Ni na riƙe 'yarsu ranar baftisma, shi ya sa yake ce mini comadre, ni in ce masa compadre.

"Comadre, ke za ki kai ni," ya ce. "Sau ɗaya nake so in ƙara jin ta."

"To ka yi wanka, compadre. Kada ta ji warin awaki ta fasa waƙar."

Fim ɗin da ya faɗi ba a barinsa ya daɗe. Don Nabor mai silima da kyar ya samo shi na rana ɗaya, Lahadi bayan coci, motar la'asar kuma ta koma da shi birni.

Gari kaf ya zo. Har Chole, wadda ta yi shekaru ba ta gaisa da Herminia saboda wata kaza, ga ta a sahun gaba da baƙin mayafi, tana matsar hawaye tun ba a kashe fitila ba.

Na zaunar da Don Cástulo a tsakiya, ina gaya masa abin da ake yi a fim ɗin.

"Jarumin ya hau doki. Ya faɗo."

"Ya ji ciwo?"

"Ina fa. Wandonsa ne ya yage."

"An kusa?"

"An kusa, tsoho mai gajen haƙuri."

Can yarinyar ta leƙo ta taga, aka fara kaɗa jita. Don Cástulo ya damƙe wuyan hannuna.

Waƙar tamu ce ta tun kakanni, da ita ake aure, da ita ake raka gawa. Mu kuwa ba mu iya jin waƙa baki rufe ba. Herminia ba ta gama jan numfashi ba wani ya kurma ihun nan namu daga baya, mai kama da dariya da kuka. Sai silima ta miƙe tsaye. Maza, mata, mahauci, Chole da muryarta irin ta tsohuwar ƙofa, kowa ya ɗauka da iya ƙarfinsa. Saboda Herminia suke yi, suna yi suna kuka.

"Ku yi shiru!" na ce. "Ku yi shiru, jakuna!"

Na kusa da ni ya ɗauka taya su nake yi, ya dafa kafaɗata.

Da aka kunna fitila suka yi layi suna rungumar Don Cástulo. Chole ta ce, "Ka ga yadda muka karrama ta?" Ya ce ya gode. Haka ya yi ta ce wa kowa ya gode.

Na haura wajen Don Nabor in roƙe shi ya maimaita wurin. Ya nuna mini ta taga: gwangwanayen fim ɗin suna kan mota, direba yana ta hon.

A hanya Don Cástulo yana riƙe da gwiwar hannuna. Da muka wuce coci ya tambaye ni.

"Comadre, ke kin ji ta?"

"Ban ji ba, compadre."

"Takan ja ƙarshen waƙar nan," ya ce. "Sai ka ce ba za ta sake shi ba."

Ya gwada ja, murya ta ƙi. Muka ci gaba da tafiya.