Abincin da Tahiratu Ba Ta Ci Ba

Wani katun ɗin Japan ne ya jawo komai, in dai ana ɗora wa zane laifi. Akosua, ƙawar Tahiratu tun firamare, ita ta fara nuna mata shi a waya a cikin jirgin ƙasa na layin D, suna dawowa daga makaranta a shekarar 2014. Labarin 'yan sakandare ne. Wata yarinya mai dara-daran idanu ta kamu da son wani ɗan ajinsu ta kasa faɗa masa, shi kuma Allah ya yi shi dolo, ko a allo aka rubuta masa ba zai gane ba. Duk abin da bakinta ya kasa furtawa sai ta zuba shi a kwanon abincin rana. Ta tashi da asuba ta dafa shinkafa, ta naɗe wainar ƙwai, ta yanka karas kamar fure, ta ƙulle kwanon a ƙyalle ta kai masa saman rufin makaranta, fuskar nan jawur. Da ya kai loma ɗaya baki sai iska ta kaɗo furanni, kiɗa ya tashi.

Tahiratu ta maimaita wannan wurin har ta haddace shi. Shekarunta goma sha shida, kuma a ajinsu akwai Idrissa, wani dogon yaro ɗan Nijar da babansa ke tuƙi a wani ofishin jakadanci a Manhattan. Sau ɗaya ya taɓa aron biro a wurinta, bai ma dawo da shi ba, amma ita a ganinta an fara kashi na ɗaya ke nan.

Rufin makarantarsu a kulle yake, wannan ba damuwa, akwai ɗakin cin abinci. Babbar matsalar ita ce Tahiratu ko ruwan zafi ta ɗora sai an tuna mata ta sauke. Duk da haka wata Litinin ta tashi da duku-duku ta shiga kicin. Shinkafar ta caɓe a sama ta kama a ƙasa, ƙwan ya manne wa kasko, hayaƙi ya tada na'urar da ke jikin silin ta hau ihu. A cikin wannan hali mahaifiyarta ta turo ƙofa.

Mma Safiatu aikin kula da wata tsohuwa take yi a Manhattan. Can take kwana, da sassafe ta dawo gidansu da ke titin Grand Concourse, ta hau bene huɗu da kumburarrun ƙafafu, ta sha shayi ta kwanta sai azahar. Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallon ɓarnar.

"Tahiratu, gidan za ki ƙona mana? Me kike yi?"

"Lunch," in ji Tahiratu, kanta a ƙasa. "Na makaranta."

"Abincin gida? Ke za ki kai makaranta?"

Tahiratu ta gyaɗa kai, don hakan ya fi sauƙi. Abin da ba ta lissafa ba shi ne yadda fuskar uwar za ta washe. Tun tana aji biyu a firamare, ranar da yara suka toshe hanci da ta buɗe kwanonta, Tahiratu ta rantse ta rabu da abincin gida. Tuwo ba ta ci, miyar kuka ba ta kallo, soyayyen yajin nan, shito, ko warinsa ba ta so. Mma Safiatu ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka a ɓoye, daga ƙarshe ta haƙura tana sayo mata biredi da madara. Yau ga 'yar da kanta a kicin.

"Matsa," ta ce, tana ajiye jaka. "Je ki yi wanka. Yau ki yi haƙuri da abin da ke firji, gobe waakye za ki tafi da shi."

Washegari kuwa aka yi waakye na gaske, irin na Zongon Kumasi: shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, ga taliya a gefe, ga garin rogo da aka murza da mai, ga dafaffen ƙwai, ga shito baƙi ƙirin. Tahiratu ta naɗe kwanon a leda biyu don kada ƙanshi ya fito a jirgi. Da lokacin cin abinci ya yi, ta ratsa hayaniyar ɗakin, ta dire shi a gaban Idrissa.

Babu furen da ya faɗo, kiɗa kuma sai ƙarar tire. Idrissa ya buɗe, ya zaro ido, ya kai cokali uku kafin ya ɗago.

"Wallahi c'est bon, akwai daɗi! Ke kika dafa?"

Nan ma ta gyaɗa kai. Ya cinye tas, ya suɗe cokali, ya yi gyatsa ba ko kunya, ya tambaya ko gobe za a ƙara yajin nan. Tahiratu ta je ta sayi cips a injin da ke bakin ƙofa, ta ci a tsaye, ranta fari fat.

Da Mma Safiatu ta ga kwano ya dawo kamar an wanke, sai ta dafe ƙirji. "Ashe yunwa 'yata take sha duk shekarun nan!" Ta sauka shagon 'yan Afirka ta sayo kwano mafi girma. Ta daina kwanciyar safe. Daga tashar jirgi sai kicin, ko takalmi ba ta gama cirewa. Wata rana ta hango hoton kwanon yarinyar katun a fuskar wayar Tahiratu, ta karɓa ta ƙura masa ido, ta yi dariya har da hawaye, ta ce su Japan ba su da aikin yi. Amma gari na wayewa sai ga dafaffen ƙwai da idanun kanumfari da bakin tattasai yana murmushi a kan waakye, ga karas an fere shi fure-fure.

Kuma ba ta yi shiru da bakinta ba. Ta buga wa kakar Tahiratu waya a Kumasi ta yi mata albishir, tsohuwa ta yi guɗa har ana ji daga falo. Ta faɗa wa matan masallaci. Ranar Juma'a wata ta kamo kumatun Tahiratu tana cewa ai ga shi nan har ta fara cika, abincin uwa daban ne. Tahiratu ta yi yaƙe, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kunya ta zame mata abokiyar tafiya. Tana shiga jirgi da ita, tana zama a aji da ita. Wata safiya Mma Safiatu ta makara, ta shigo tana haki tana ba da haƙuri, wai barci ya kwashe ta a jirgi har ya wuce da ita ƙarshen layi. Ta ɗaura zani ta kama girki. Tahiratu ta tsaya a ƙofar kicin, maganar tana nan a bakinta, ta ƙudura yau za ta ce a daina. Sai ta tuna yadda Idrissa yake ajiye mata kujera kusa da shi yanzu, yadda yake ce wa abokansa kada wanda ya taɓa, na Tahiratu ne. Ta haɗiye maganar ta karɓi kwano ta ce an gode.

Haka aka tafi har sanyi ya shigo. Wata Lahadi da la'asar, mahaifinta, Baba Braimah, ya fita aikin tasi, gidan ya rage su biyu. Mma Safiatu ta fito daga wanka ta zauna a kujerar falo tana shafa man zafi a gwiwa.

"Ɗauko kwamfutar nan," ta ce. "Dabarata ta ƙare. Kullum ƙwai, kullum karas, kar ki gaji. Sa min cartoon ɗin in ga me suke yi kuma."

Tahiratu ta shiga neman hanyar zillewa. Ta ce da Japananci suke magana. Uwar ta ce ai ido gare ta. Ta ce intanet ɗin ba ƙarfi. Uwar ta ce za ta jira. Tahiratu ta shiga lalube a ranta ko akwai kashin da babu kwano a ciki, ta zaɓi na ranar wasannin makaranta, tana addu'a.

Da farko lafiya lau. Mma Safiatu ba ta bin rubutun Turancin da ke gudu a ƙasa, sharhinta kawai take yi. "Waɗannan iyayensu ba su da kuɗin yadi ne? Dubi siket!" Da dolon yaron ya faɗi a tseren buhu, ta yi dariya ta tafa. Sai aka nuna yarinyar a kicin da asuba tana jera shinkafa mai kunnuwan zomo. Mma Safiatu ta gyara zama ta matso da fuska. "Yauwa, tsaya in gani. Da me ta yi kunnen?"

Tahiratu ta kai hannu za ta tsayar, uwar ta riƙe mata hannu. Yarinyar ta ƙulle kwanon, ta hau matakala da gudu, ta ɓoye shi a bayanta. Ga yaron a jikin shingen rufi. Ta sunkuyar da kai ta miƙa masa da hannu biyu. Ya zauna ya ci, ita kuma ta tsuguna a gefe hannu wayam tana kallon bakinsa.

Mma Safiatu ta saki hannun 'yarta. Kiɗan ƙarshe ya tashi ya ƙare. Ana jin ƙarar bas a ƙasa kan titi.

"Ita yarinyar," ta ce a hankali, idonta na kan kwamfuta, "me za ta ci?"

"Tana... tana sayen biredi a shagon makaranta."

"Ke fa?"

Tahiratu ta shirya wa faɗa. Ta shirya a tambaye ta ɗan gidan wane ne, a ce za a faɗa wa Baba, a ƙwace waya. Da an yi haka ma da ta ji sauƙi, don tana da abin cewa. Amma uwar ba ta ko tambayi sunansa ba.

"Cips," ta ce da ƙyar.

"Ko cokali ɗaya ba ki taɓa ɗanɗanawa ba?"

Ƙarya ɗaya ta rage da za ta gyara komai, kuma ƙarama ce. Tahiratu ta dubi kumburarrun ƙafafun nan da ke ƙyalli da man zafi, ta kasa. Ta girgiza kai, hawaye suka zubo.

Mma Safiatu ta rufe kwalbar man, ta dafa gwiwa ta miƙe ta shiga kicin. Can sai Tahiratu ta ji ƙarar wake yana zuba a faranti. Ta tashi ta bi ta. Uwar ta juya baya, tana tsince waken gobe a gaban taga.

"Mma, ki bari. Don Allah ki bari, ki je ki kwanta. Ba zan ƙara ba."

"Ɗan mutane ya riga ya saba," in ji Mma Safiatu, ba ta juyo ba. "Ba a yanke wa yaro abinci rana ɗaya."

Ta ci gaba da tsincewa, tana ware tsakuwa gefe. Can ta tsaya.

"Shi dai yana cinyewa, ko?"

"Yana cinyewa, Mma. Har cokali yake suɗewa."

"To, alhamdulillahi," ta ce, ta goge ido da bayan hannu, ta kunna famfo a kan waken.