Saƙon Gindin Tuffa

Shekara ashirin Malama Tsvetana na shirya wa ɗalibanta gasar warware tambayoyi a nemo kyauta, kullum kuma a gindin tuffar bayan makaranta take binne ta. Bana da aka hura usur, Boyan ko buɗe ambulan tambayoyin bai yi ba.

"Ku bar wahalallu su yi ta lissafi," ya ce wa 'yan ƙungiyarsa. "Babana ya faɗa min wurin."

Malama ta taɓe baki tana kallonsu suna tonon ƙasa kamar kaji, wahalallun kuwa tambayoyin sun kai su ɗakin karatu, inda ta ɓoye kyautar bana, suna rabon kek. Can Boyan ya zaro gwangwani, ya warware takardar ciki, sai ga rubutun Malama:

"Boyan, ka gaida babanka. Shi ma yayansa ne ya faɗa masa."