Gefen da Ke Kallon Titi

Ƙyallin tirelar bai dawo ba. Gefen da ke kallon titi ya lalace, kuma a hannun masu son gyara shi ya lalace.

Tsohuwar tirelar kwana ce, irin ɗakin nan mai tayoyi da mota ke ja, jikinta na faiba, wato roba mai tauri da zare a ciki, a ajiye a gefen wani gida a unguwar Stapleton. A cikinta Sumani, ɗan Zangon Kumasi mai jera kaya a kantin abinci, yake kwana tun da ambaliyar guguwar Sandy ta cinye ɗakinsa a 2012. Mai gidan, wani dattijo, shi ya bar shi ya zauna. Da bazara maƙwabta suka fara ƙorafi, wai an jibge musu bola a unguwa. Jikin tirelar ya koɗe, in ka shafa sai farin gari ya biyo tafin hannunka kamar alli. Dattijon ya ce ko ta yi kyan gani kafin ƙarshen wata, ko ya kira motar janwe ta ɗauke ta.

Yayar Sumani, Damata, mai kula da tsofaffi, ta hayo jirgin ruwa daga Manhattan ranar Asabar. Ta zo da toka a leda da soson ƙarfe.

"Tukunyar da ta fi wannan muni na sa ta ɗauki ido," ta ce. "Miƙo ruwa."

"Yaya, wannan fa ba tukunya ba ce."

"To mece ce, jirgin sama? Dirje ka gani."

Suka dirje gefen titin daga sama har ƙasa. Da danshinsa ya yi sheƙi. Da ya bushe sai ga zane ko'ina, zaren faibar ya fito fili. Damata ta buɗe jaka ta ciro man kaɗanya, suka shafe shi tas. Ya yi kyau har magariba. Washegari ƙura da ganye sun manne masa.

Sumani ya kira Kwabena, abokinsa mai aiki a wurin wankin mota. Kwabena ya shafa jikin, ya shinshina yatsansa.

"Ei, Sumani! Wa ya yi wa tirelar nan wankan jego?"

Ba wanda ya yi dariya. Kwabena ya ce faiba na da wata siririyar fata a sama, a nan ƙyallin yake. Da inji da man goge mota ake ɗauke abin da ya mutu a hankali. Su kuwa sun kankare fatar duka. Man kaɗanyar ma ya shige cikin zaren, ko fenti ba zai kama ba.

Kwabena ya kutsa tsakanin tirelar da bangon gidan, inda soso bai kai ba, ya goge wuri kamar faɗin tafin hannu. Wurin ya fito fari ƙal.

"Wannan gefen zai gyaru," ya ce. "Sai dai bango yake kallo."

Juya tirelar na buƙatar motar da ke da ƙugiyar ja, kuma tayoyinta sun daɗe da sacewa. Mutum ɗaya suka sani mai irin motar, wani Yaw da ke jigilar kaya zuwa Harlem. Damata ta koma Manhattan ba ta ɗauki sosonta ba.

Dattijon ya zo da yamma, ya tsaya a bakin titi ya duba, ya koma ciki. Wata ya kusa ƙarewa. Sumani ya yi ta kiran Yaw, bai ɗaga waya ba tukuna.