Mahamudu da Tekun Kent

Mahamudu direban bas ne, a London, kullum yana ratsa unguwar Aldwych da fasinjoji, ya koma gidansa a Plumstead. A zangon Sekondi, a bakin tekun Ghana, aka haife shi. Can ya tashi cikin 'ya'yan masunta, suna kwanciya a kan guntun katakon jirgi igiyar ruwa ta kwaso su ta watsar a kan yashi. Tun da ya zo London bai sake shiga teku ba.

Bazarar 1991 matarsa Damata ta dawo daga kasuwar gwanjo da wani dogon katako na Turawa, irin wanda ake hawan igiyar ruwa da shi, har da rigar roba.

"Maigida, na gaji da jin labarin Sekondi," in ji ta. "Je ka yi abinka."

Maƙwabcinsu Jang, mutumin Jos, shi ke da mota. Ranar wata Asabar suka ɗaure katakon a sama, suka bari sai da aka ci abincin rana, sannan suka nufi bakin teku a Kent. Suka tarar ruwa ya cika har gindin duwatsu, iska na busowa daga teku tana farfasa shi kamar ruwan wanki. Mahamudu ya shiga ya yi ta fama, ya fito yana rawar sanyi.

Wata dattijuwar Baturiya da ke yawo da karenta ta tsaya kallonsa. Ta ce ɗanta ma yana wannan wasan, amma da sassafe yake zuwa, kafin iska ta farka, lokacin da ruwa ya janye ya fara dawowa.

A mota Mahamudu ya yi ta dariyar kansa. "Oga Jang, ni fa na san wannan abu tun ina yaro. London ne ya cinye mini shi."

Daga nan kullum ya tashi aiki sai ya biya ta Woolwich ya leƙa kogin Thames, wanda ke cika yana janyewa tare da teku. Ya lura kowace rana cikar tana ƙara makara. Da ya ga za ta faɗo da hantsi a ƙarshen mako, ya yi musayar ranar aiki da wani abokin aikinsa.

Bayan sallar asuba suka kama hanya. Jang na ta hamma, Damata na baya rungume da flas ɗin shayi, don ta ce wannan karon sai ta gani da idonta.

Babu iska ko kaɗan. Ruwan na tahowa layi-layi, sumul, kowace igiya ta tashi ta naɗe a hankali. Mahamudu ya faɗi, ya sha ruwan gishiri, ya sake faɗuwa. Can sai wata igiya ta ɗauke shi, ya dafa katakon, ya miƙe tsaye, har ta kawo shi kusa da gaɓa. Damata ta rangaɗa guɗa, tsuntsaye suka tashi.

Da rana ta ɗaga, iska ta juyo, ruwan ya lalace. Mahamudu ma ya ƙoshi da wasan. Suka zauna a kan yashi suna shan shayi da burodi.

Jang ya daɗe yana kallon tekun, sannan ya cire takalminsa, ya naɗe wando.

"Malam Mahamudu, iya ƙafa kawai zan sa," ya ce. "Amma ka tsaya kusa da ni."