Rabin Shawul

Duk Tudun Wada, in ana zancen saƙar kayan jarirai, Ishatu ake fara kira, sannan a ce da aminiyarta Hanifa. Tare suka koyi sana'ar, tare suke zuwa sarin ulu, har ta kai in aka ga ɗaya ita kaɗai a titi sai a tambaye ta ko lafiya.

Abin da ya ɗaga Ishatu sama wata tsohuwar kwamfuta ce 'yar gwanjo. Injinan saƙar da matan ke saye daga Japan suke zuwa, kuma a cikin kwalin akan tsinci littattafan zanen saƙa, rubutunsu kamar kaza ta yi tono. Da su kowa ke hura gawayi. To, wata rana ta bi ta shagon Chidubem mai gyaran kwamfuta, haifaffen Zariya wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram, ta tarar zai goge wata da ta zo da Japananci. Haka aikinsu yake: kwamfuta na sauka, tun kafin a kaɗe mata ƙura an wanke mata kai an ɗura mata Turanci. Don raha ya nuna mata ƙamus ɗin da aka ƙera ta da shi. Ka zana harafi da yatsa, ya kawo maka ma'anarsa da Turanci, ba ruwansa da data. Ishatu ta ce ya ɗauke hannunsa, a haka take sonta.

Shekaru ta yi tana fama, da ɗan Turancinta na sakandare da taurin kai irin na gado. Kalmar da ta gane sai ta adana ta a cikin ƙamus ɗin. Matan layi suka laƙaba mata Hajiya Tokyo, ta amsa. A hankali littattafan suka fara yi mata magana, ta riƙa fitar da saƙar da ba a taɓa gani ba daga Tudun Jukun har Hanwa. Kuma Allah shaida, ba zanen da ta taɓa warwarewa ta kwana da shi ba ta koya wa Hanifa ba.

Sai guda ɗaya. 'Yar farin Hanifa, yarinyar da ta girma a bayan Ishatu, tana da tsohon ciki, na fari. Ishatu ta zaɓi zanen da ya fi kowanne wuya, farin shawul mai ganyayyaki, ta ƙudura da shi za a naɗo jaririn ranar suna. Amma wa ke buɗe baki ya ce ga kayan ɗan da bai zo duniya ba? Balle a gaban Hanifa, wadda ko sunan 'yar ba ta faɗa don kunya. Saboda haka da Ishatu ta ji sallamar Hanifa sai ta jawo zane ta lulluɓe injin.

"Aminiya, me ake ɓoye mana?" in ji Hanifa wata rana.

"Lokacinsa bai yi ba."

Hanifa ta yi dariyar yaƙe. Ishatu ba ta kawo komai a ranta ba, ta ɗauka ma ta gane ne take kawaici.

Shawul ya kai rabi, saura shafin ƙarshe mai cike da haruffan da ba ta taɓa gamuwa da su ba, sai Hanifa ta zo aron kwamfutar, wai autarta za ta gwada hannu kafin jarrabawa. Ran Ishatu bai so ba, amma da wane ido za ta hana aminiya? Ta naɗe ta a ɗankwali ta miƙa mata.

Ranar da aka aiko cewa an haihu, an samu namiji, ranar kwamfutar ta dawo. Ishatu ta kunna da murnarta, sai Turanci ya yi mata maraba. Ta duba nan, ta duba can. Ba ƙamus, ba kalmomin da ta tara, wayam.

Ko mayafi ba ta yafa daidai ba ta isa shagon Chidubem.

"Kai da ka san abin da ke cikinta, kai za ka yi mini haka?"

"Hajiya, zauna tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ya sosa ƙeya. "Ƙawarki ce ta kawo ta. Da farko cewa ta yi in kwashe ƙamus ɗin in zuba mata a wata da za ta saya. Na ce ba ya fita, da shi aka yi ta. Sai ta ce to a goge, ke kika aiko ta, kin gaji da yaren. Har na ce bari in kira ki, ta ce kina wajen masu naƙuda."

"A mayar da shi."

"Da ina da irinsa da na mayar, wallahi. Tsohon yayi ne, ban ajiye ba."

Sai a lokacin ta zauna. Da ɓarawo ne ya sace kwamfutar, da ta yi Allah ya isa ta huce. Amma Hanifa? Matar da ta wanke ta a jego, wadda suka ci tuwo kwano ɗaya a shekarun babu? Ashe duk sallamar nan da murmushin nan, ƙirga mata ake yi. An ga zane a kan inji sau biyu, shi ke nan an yanke mata hukuncin rowa, ba a ko tambaye ta ba. Ta ji kunyar yin kuka a gaban mutane, ta tashi.

Ta gwada haska shafin da waya, wayar ta zubo mata shirmen da ba kai ba gindi. Da ta so, da ta ƙarasa shawul ɗin da wani zanen da ta sani, ba kuma mai ganewa. Ba ta so ba. Ta sauke shi daga inji yadda yake, ta ɗaure bakin zaren.

Ranar suna gidan Hanifa ya cika maƙil, yaro ya ci suna Zulkiflu. Hanifa ta taso da fara'arta har ƙofar ɗaki.

"Aminiya, sai yanzu? Kin ga an gyara miki kwamfuta, ko? Yanzu kya huta da wahala."

"Na gani."

Ishatu ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta shimfiɗa a kan gado. Mata suka matso suna santin ganyayyakin, sai kuma suka lura rabi ne, ba zai kai ya rufe ƙafar jaririn ba.

"Abin da nake lulluɓewa ke nan," in ji Ishatu. "Na jikanki ne. Nan na kai kika zo aro."

Hanifa ta kai hannu ta taɓa bakin zaren. Ishatu ta ɗauki jaririn ta yi masa addu'a, don shi bai yi mata komai ba, ta mayar wa uwarsa. Aka biyo ta da kwanon waina har zaure, ta ce a kai wa masu rabo, ta sa takalminta.