Ƙafar Tela a Keken Malama

Ranar da aka kawo kwalin, Tela ya zaci injin surfani ne 'yarsa Auta ta aiko masa, har ya fara washe baki yana neman almakashi. Da ya yanke igiyar sai ya tarar da wani ɗan ƙarfe mai feda biyu, ba sirdi, ba taya, ba wurin riƙewa. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Wannan ai rabin keke ne," ya ce. "Ko sauran na hanya?"

Malama, matarsa, ta yi dariya daga kan kujerarta, irin dariyar da ta rage mata tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita wata huɗu baya: gefen baki ɗaya ya tashi, ɗayan ya ƙi. Shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan aji biyu, muryarta na kaiwa har bakin titi. Yanzu kalma ɗaya sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito.

Auta kuwa ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe, don ita kaɗai suka haifa. Ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, a garin da ake wuni guda a mota kafin a kai, kuma an ɗauke ta ne a kan gwaji na wata shida. Wanda ya nemi hutu cikin watannin nan, to ya san inda ya ajiye takardunsa na neman aiki. Da yamma ta kira ta bidiyo.

"Baba, ɗaga wayar, hancinka kawai nake gani."

"To ai shi ma naki ne."

Ta bi da shi daki-daki har ya sauke wata manhaja a wayarsa, ya haɗa ta da ɗan ƙarfen. A ajiye shi gaban kujera, Mama ta ɗora ƙafafu ta riƙa juyawa. Ƙarfe huɗu waya za ta yi ƙara. In an yi minti goma sha biyar, wata da'ira za ta cika ta zama kore, a wayarsa da ta Auta lokaci guda. In biyar ta yi ba a hau ba, ta koma ja.

"Kore na nufin Mama na samun ƙarfi," in ji Auta. "Duk ranar da na ga ja, zan ajiye musu aikinsu in taho. Na faɗa muku tun yanzu."

Kada a ci amanar abin, ya yi amfani. Manhajar ce ta raba Tela da rikita ƙwayoyin magani, shi da yake ba da farar safe da yamma, ya ba da ta yamma sau biyu. Yanzu waya na nuna masa hoton ƙwayar da lokacinta. Ƙafar hagun Malama ba ta zama a feda, sai ya yanko ƙyallen karan-miski daga ragowar ɗinkin wata amarya, ya ɗinka mata maɗauri mai laushi. Shagonsa a ƙofar gida yake, saboda haka huɗu saura kwata yake sauke labule, ko da mai kaya na tsaye yana kumfar baki. Malama ta riƙa juyawa a hankali, gumi na tsatsafo mata a goshi, shi yana durƙushe yana ƙirga mata kamar ɗan aji biyu, in ya yi tsallake ta harare shi. Sati uku da'irar na yin kore da ƙafarta.

A sati na huɗu ta tashi da haki. Likita ya daɗe da abin saurarensa a ƙirjinta, sannan ya ja Tela zuwa baranda ya ce zuciyar ce ta gaji, a bar keken nan, a bar duk abin da zai wahalar da ita. Ya kuma tambaya ko tana da 'ya'ya a nesa. Tela ya ce akwai. Likita ya ce yana da kyau su sani.

Da suka dawo gida, ƙarfe huɗu ta buga, waya ta yi ƙararta. Tela ya ɗauki wayar zai kira Auta, Malama ta kama masa hannun riga da hannunta mai lafiya. Ta nuna shi, ta nuna keken.

"Hau."

"Ni? Malama, ai yarinyar nan ke take dubawa."

"Aikin... ta," ta ce da ƙyar. Ta ɗaga yatsu biyu. Wata biyu suka rage a tabbatar da Auta.

Shi dai Tela mutum ne da bai taɓa iya yi wa matarsa musu ya ci ba, kuma gaskiyar magana, shi ma abin da ransa ke so ke nan. Ya tuna shekarun da yarinyar ta yi tana yawo da takardu a leda daga wannan ofis zuwa wancan. Ya jawo kujerar katako, ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa. Bayan minti goma sha biyar da'ira ta yi kore, saƙo ya shigo: "Sannu da ƙoƙari, Mamana."

Ƙarya in ta samu wurin zama ba ta zuwa ita kaɗai. Mutumin da hancinsa kawai ake gani a waya, sai ga shi ya ƙware a riƙon ta. Kafin Auta ta kira, ya tayar da Malama, ya tokare ta da matashi uku, ya ɗaura mata ɗankwali, ya tsaya ta inda hasken taga ke faɗa wa gefen fuskar mai lafiya. Da ma ba ta doguwar magana, Auta kuma a gurguje take kira cikin hutun cin abinci. Da an kashe waya Malama ta sulale, sai ya yi ta yi mata fifita kafin numfashinta ya daidaita.

Abin haushin, har daɗin keken ya fara ji. Ƙafar da ta shekara arba'in a kan fedar keken ɗinki ba ta san wasa da aiki ba. Goma sha biyar ta koma ashirin, ashirin ta koma ashirin da biyar, Auta na ta turo alamar tafi. Ciwon gwiwar da ya daɗe yana damunsa ya lafa, masu kawo ɗinki suka fara cewa, "Tela, me kake ci ne haka, kana ta komawa saurayi?" Sai ya yi yaƙe, ya sunkuyar da kai a kan zare. Yana jin kunyar lafiyar nan tasa ƙwarai, don ya san a gaban wa yake samun ta.

Malama kuwa kullum raguwa take. Zoben da ya ƙi fita daga yatsanta shekara da shekaru, da kansa ya zame ya faɗa cikin kwanon wanke hannu. Ta daina zama a kujera, sai gado. Ya dawo da keken bakin gadon, yana juyawa tana kallonsa, wani lokaci ta kai hannu ta taɓa hoton Auta da ke fuskar wayar.

Wata Talata, saura kwana goma sha ɗaya wa'adin gwajin ya cika, waya ta yi ƙara, ya jawo kujera. Sai ya ji ta ce:

"Bari."

Ya juyo. "In bari?"

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana haɗa bakinta, sannan ta ce, "Auta." Ta huta, ta sake cewa, "Auta."

Ba abin da bai gane ba. Ya mayar da takalminsa ya zauna a gefen gado, wayar na hannunsa, suna kallon agogo tare. Ƙarfe biyar da'irar ta yi ja. Malama ta lumshe ido, fuskarta ta saki, rabonsa da ganinta haka tun kafin ciwon.

Shida saura Auta ta kira, ba ta bidiyo ba. Akwai hayaniya a bayanta, muryarta na rawa.

"Baba, me ya faru? Ina Mama?"

Ya buɗe baki da niyyar faɗa, Allah ya sani da niyyar faɗa ya buɗe shi. Amma da ya ji rawar muryar nan, sai kwana goma sha ɗayan suka faɗo masa a rai. Kwana goma sha ɗaya kacal, abin da bai kai ɗinkin kayan biki ɗaya ba. Ai Malama za ta kai.

"Lafiya lau," ya ce. "Caji ne ya ƙare, ba wuta tun safe, sai yanzu aka kawo. Tana barci ma."



"Ka tabbata, Baba?"

"Haba, uwata. Koma bakin aikinki."

Da ya ajiye wayar, idon Malama na kansa. Ba ta harare shi ba, da ma hararar ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta juya a hankali, abin da ya kan ɗauke ta lokaci, ta fuskanci bango. Ya ce mata kwana goma sha ɗaya ne fa, ya ce ita ce ta fara cewa ya hau, ya ce ranar da aka tabbatar da yarinyar shi da kansa zai je ya ɗauko ta. Ba ta juyo ba. Washegari ƙarfe huɗu ya hau keken, tana jin ƙarar fedar a bayanta.

Ranar Asabar da hantsi, yana goge mata ɗankwalin da za ta ɗaura in Auta ta kira, ya ji ɗakin ya yi tsit. Ya ajiye dutsen guga a tsaye ya shiga. Ta riga ta tafi.

Auta ta iso washegari, ba ta tarar da ita ba. Kwana uku gidan na cike da masu gaisuwa, uba da 'ya ba su sami keɓewa ba, kuma Tela bai nemi su samu ba. An tura keken ƙarƙashin gado, an kashe wayoyi. A rana ta huɗu mutane suka watse, aka kunna wayoyin. Suna zaune a ɗakin, ita a kujerar uwarta, shi a ta katako, sai ƙarfe huɗu ta buga, wayoyin biyu suka ɗauki ƙara tare.

Ba wanda ya motsa har ƙarar ta ɗauke. Sannan Tela ya ce, idonsa a ƙasa, "Akwai maganar da zan faɗa miki. Keken nan, tun sati na huɗu..."

"Na sani, Baba."

Ta matso da wayarta, ta buɗe wani shafi da bai taɓa sanin akwai shi ba. Zane ne na layi mai hawa da sauka, na kowace rana da nasa.

"Ka ga na farkon nan? Na Mama ne, a kwance yake, a hankali har ƙarshe. Dubi waɗannan kuma. Gudu, a tsaya. Gudu, a tsaya. Dogo ɗaya, gajere biyu." Ta share hanci da bakin mayafi. "Haka kake ɗinki. Ka ja dogon layi, ka tsaya ka juya yadi, ka kama kusurwa. Da ƙarar nan na girma, da ita nake haddar karatu a bayan shago. Ko a cikin teloli ɗari zan fitar da ƙafarka."

Tela ya kalli ƙafafunsa. Bai taɓa sanin yana tsayawa ba.

"To me ya sa ba ki..."

"Na ce wa kaina taya ta kake yi. Na ce in abin ya yi tsanani ai za ku bari ya yi ja, tunda haka muka yi da ku." Ta kife wayar a cinya. "Ranar Talatar nan a tasha nake lokacin da na kira ka. Jakata na hannu, na yanki tikiti, mota saura mutum biyu ta cika. Da shiru kawai ka yi, da na shiga. Da ka ce caji ne, na san ba caji ba ne, manhajar na nuna min cajin wayarka. Amma na karɓa hannu biyu, na koma na kwana a ɗakina. Tsoron aikin nake ji, Baba. Ba kai kaɗai ba ne."

Kuka ya zo masa irin wanda bai yi ba ko ranar rasuwar, ya toshe baki da hularsa. Ta bar shi har ya lafa, sannan ta tambaya a hankali:

"Abu ɗaya nake so ka faɗa min. Ranar nan, mantawa ka yi, ko ita ta ce ka bari?"

Amsa mai sauƙi na nan a bakinsa, a shirye. Mantawa na yi, uwata, aiki ne ya yi min yawa. Da ta karɓa, kamar yadda ta karɓi ta caji, ta koma da ita bakin aikinta ta riƙa samun barci. Ya dubi bangon da Malama ta fuskanta kwana huɗu.

"Ita ta ce in bari," ya ce. "Sau biyu ta kira sunanki."

Auta ta zame daga kujerar, ta durƙusa a bakin gado, ta kifa fuska a kan katifar. Hannunta ya ci karo da fedar da ta leƙo daga ƙarƙashi, ta kama maɗaurin karan-miskin ta riƙe. Tela na zaune bai san inda zai sa hannuwansa ba. Suna nan a haka har ƙarfe biyar ta yi, da'irar ta koma ja a wayoyin biyu.