Tambarin da Don Nibaldo Ya Kankare

Don Nibaldo Cárcamo bai taɓa barin kujera ta fita daga shagonsa da tabon tsohon mai ita ba. Ya tsufa yana yi wa kujerun mutanen garin Puente Alto sabuwar riga, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a tuɓe kujera tas, a kankare duk takardar da ke manne a jikinta, sannan a fara aiki. Da ya tsinci kujerar mota ta jarirai a ƙarshen kasuwar Lahadi, wajen masu baza gwanjo a ƙasa, haka ya yi mata. Ya jiƙa takardun da fetur ya kankare, ya sa sabon soso, ya ɗinka mata jar riga, ya zana sunan jikarsa da farin zare: Maite.

'Yarsa Yasna ta zo shan shayin yamma da jaririyar. Hutun bikin 'yancin ƙasa na watan Satumba ya kusa, ita da mijinta za su yi doguwar tafiya zuwa garin Chillán a nuna wa dangi yarinya. Tsoho ya fito da kujerar yana wani shan ƙamshi, ya dire ta tsakanin burodi da butar shayi.

"Kai, Baba, ka zuba aiki!" in ji Yasna. Ta shafa sunan, ta yi murmushi. Sai ta kifa kujerar ta duba bayanta, ta duba gefe, murmushin ya ɗauke. "Ina takardar?"

"Wace takarda kuma?"

"Mai ruwan ɗorawa mana. Tambarin da ke nuna an gwada kujerar, hukuma ta amince da ita. Akwai ma wadda ke faɗin shekarar da aka ƙera ta, da nauyin yaron da za ta iya riƙewa."

"Au, waɗannan ƙazaman? Ai na kankare su. Kyauta zan ba sarauniyata da takardu kamar buhun dankali?"

Yasna ta jijjiga 'yarta. Sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan sa Maite a ciki ba."

Maganar ta soke shi. Ya ture kofinsa. "Ke da aka ɗauko daga asibiti a cinyar uwarki a gaban motar haya, yau ke ce za ki koya mini kujera? Ja ɗinkin nan ki gani in zai motsa!"

"Ɗinkinka ba shi da laifi. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Ko da tambarin ma, in ta taɓa yin hatsari ta gama aiki. Wa ya sayar maka?"

Ya tashi ya shige shagonsa. Ta tafi ta bar kujerar a kan tebur, shi kuma ya wuni washegari yana huci a shago, yana buga ƙusa inda ba ta da aiki. Taurin kan Don Nibaldo kuwa unguwa ta shaida shi. Ya rantse sai ya kawo mata hujja, ko don ta san ubanta bai rikice ba.

Ranar Lahadi ya koma kasuwa ya sami mai gwanjon, wani mai suna Chalo, yana cin soyayyen fanke a kan tabarmar kayansa.

"Tsoho mai ran ƙarfe! Ka dawo sayen keken jariri ne?"

"Kujerar nan da ka sayar mini, da tambari a jikinta?"

"Da shi mana, ruwan ɗorawa, na gani da idona. Ni ba na sayar da jabu."

Don Nibaldo ya ji sanyi a ransa, har ya fara shirya abin da zai gaya wa Yasna. Ya juya zai tafi, sai ya tuna tambayarta. "Daga ina ka samo ta?"

"Wajen surukina. Yana aiki inda ake farfasa motocin da suka yi hatsari. Kafin a daddatse mota sai ya ciro abin da ya tsira." Chalo ya lashe yatsa. "Wannan ma an ce motar ta zama kamar gwangwanin da aka taka, amma dubi kujerar, ko ƙwarzane."

"Yaron da ke ciki fa?"

"Haba tsoho, ni ina zan sani? Kaya ake kawo mini, ba labari ba."

Ya kama hanyar gida. Ya tuna ranar da ya tuɓe tsohuwar rigar kujerar, ƙananan fasassun gilashi sun zubo daga lungunanta, ya share su kamar yadda yake share ɓurɓushin biskit. Ya tuna wani farin layi a jikin robar, daidai inda bel ɗin mota ke ratsawa. Ya gan shi sarai, ya ce muni ne kawai, ya rufe shi da soso mai kauri don kada Yasna ta gani. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, da kunya a kansa.

Ya shiga shago ya farke ɗinkinsa da hannunsa. Ya danna layin da babban yatsa, robar ta buɗe baki. Ya yanke igiyoyin kujerar gunduwa-gunduwa, ya sa zarto ya raba ta biyu, don kada wani ya tsince ta a bola ya mayar da ita kasuwa.

Da ya buɗe gwangwanin ƙusoshi zai ajiye almakashi, sai ya ga abin da ya jefa ciki ranar farko ya manta: ɗan maƙalin gashi mai siffar malam-buɗe-littafi, wanda ya zaro daga ƙarƙashin tsohon soson. Da siririn gashi guda a maƙale.

Ya kira Yasna a waya. Ta ɗauka, yana jin Maite tana gwaranci a kusa da ita.

"Baba? Har yanzu fushi kake?"

Ya juya maƙalin a tafin hannunsa. Da ƙyar ya ce, "Gobe ki zo mu je kanti. Ki nuna mini takardar nan, in san wadda ba a taɓawa."